Baba ya ce zane wasan yara ne, in gudu Zariya ko in haƙura?

Saƙon wannan makon daga nan cikin gari ya fito. Na cire sunan yaron da na unguwarsu kamar yadda muka saba, na kuma rage shi don ya yi tsawo da yawa.

"Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 19, bana na samu bak D, jarabawar gama sakandare ta ɓangaren kimiyya. Tun kafin in yi birebe nake haɗa afish a salula da manhajar PixelLab, na walima, na saukar karatu, na ƴan ƙwallon unguwa, har an san ni da shi. Burina in karanci infogarafi, wato zanen kwamfuta, a jami'a amma nan Maradi ban ga inda ake yi ba. Baba ɗan kasuwa ne, aya da gyaɗa yake saye, yana da injin matsar mai. Ya ce ko likita ko agronomi, in ba haka ba in zo in zauna mishi shago, wai zane wasan yara ne, kuma ya ji malami ya ce masu zane azaba ke jiran su. Kawuna da ke Zariya ya ce in taho za mu san yadda za a yi. Ina tunanin in ƙi yin rijista in tafi ba da sanin Baba ba. Me kake gani? Kuma don Allah ka gaya min gaskiya, aikin nan ana ci da shi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da arziki, bak D ba a tsintar ta a hanya, Allah ya sa albarka. Na duba afish shida ɗin da ka haɗo da saƙon, zan dawo kansu, akwai wadda ta ba ni dariya akwai kuma wadda ta sa na gyara zama.

Maganar gudu dai ka cire ta daga ranka tun yau. Wa'azin biyayyar iyaye ka sha jin shi a masallacin unguwarku kuma gaskiya ne, ba sai na maimaita ba, ni lissafi zan yi maka irin na kasuwa tunda a gidan ɗan kasuwa ka tashi. "Taho za mu san yadda za a yi" magana ce mai daɗin ji a salula, amma ka tambayi kawun naka ko ya taɓa shigar da mai bak ɗin Nijar jami'ar Najeriya. Ahmadu Bello ta Zariya gidan zane ce ba musu, tun kafin ta zama jami'a a 1962 ake koyar da zane a wurin, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya duk can suka yi ɗalibta, kuma har yau akwai sashen dizayin mai ɓangaren zanen talla da na yadi da na tangaran da na gilashi. Sai dai karatun kaf da Ingilishi ake yin shi, kai kuma Ingilishinka na lise ne irin wanda duk muka yi, na cin jarabawa a manta. Ga JAMB, jarabawar shiga jami'o'in can, ga fassara takardu da bin su ofis-ofis, shekara huɗu ne in komai ya tafi daidai, kuma ba kullum yake tafiya daidai ba, a 2022 wata takwas cur malaman jami'o'in can suka yi suna yajin aiki, yara na zaune gida. To wa zai biya kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da kayan aiki duk tsawon wannan lokaci? Kawu na da nashi ɗiyan. Ranar da aljihunshi ya gaza wa za ka kira, Alhajin da ka bari ba sallama? Kuma akwai abin da na tabbata ba ka hango ba. Kawu ɗan'uwan Hajiya ne. Ran da aka wayi gari ba ka gida, ka san kan wa laifin zai sauka. Kai kana can kana kallon gari, ita ce za ta kwana da maganar ta tashi da ita.

Tambayarka ta biyu, ana ci? Ana ci mana. Ni shekara goma sha shida ke nan da shi nake ci, da shi na yi aure, da shi nake biyan lakwal ɗin yara. Amma ka ce in gaya maka gaskiya, to ga ta. A garin nan mutane takarda suke saye da leda, tunanin da ka zuba a kai kyauta suke ɗaukar shi. Mutum zai biya kuɗin banderol mita uku ba gardama saboda yana iya taɓa ta, ya naɗe ya ɗaura bayan babur ya tafi, amma ka ce mishi ga jaka biyar ta zanen ka ga yadda fuska za ta canza, "haba ɗan samari, mi ka kashe? ai danne-danne ne kawai ka yi." Wannan magana na ji ta ya fi sau ɗari, har daga bakin masu manyan motoci. Shi ya sa waɗanda suka fi ci su ne masu injin bugawa ko masu rabo da mai injin, kuɗin zanen sai a ɓoye shi cikin kuɗin bugu kiliyan bai ma sani ba. Kuma sana'a ce mai kaka da rani. Gab da azumi da bayan ƙaramar salla aure ya yi yawa sai ka rasa lokacin cin abinci, Oktoba makarantu masu zaman kansu na neman afish da baje, Disamba kalanda, lokacin dawowar alhazai da saukar karatu ana ɗan motsawa, da damina ta sauka kuwa kuɗin kowa ya tafi gona, sai ka wuni kana korar ƙuda daga kan allon kwamfuta.

Da akwai kasuwar siyasa, ita ce babbar kakarmu. Zaɓen Disamba 2020 da zagaye na biyu a Fabrairu 2021 kwana muke yi a shago, riguna, huluna, hotunan manna wa bango, injin ba ya hucewa. Nan ma na sha ta, wani ɗan takara ya sa na buga mishi kaya na kusan jaka ɗari huɗu bisa alkawari, ni kuma ganin babbar riga da ƴan rakiya na ji kunyar tambayar abans, ya faɗi zaɓe ya daina ɗaukar wayata, har yau in mun haɗu wurin jana'iza sai ya riga ni kawar da kai. Tun daga juyin mulkin 2023 wannan kasuwa ta rufe gaba ɗaya, waɗanda suka ci bashi suka sayi inji don ita kawai su suka san halin da suke ciki. Daga abin da ɗan takarar nan ya yi min na koyi rabin kuɗi kafin in kunna kwamfuta, gyara sau biyu kyauta na uku da kuɗi, ko ɗan uwana ne. Kuma kar ka ga kamar mu kaɗai ake yi wa haka, alamar nan ta Nike da ke jikin takalmin kowane yaro wata ɗaliba ce Carolyn Davidson ta zana ta a 1971 a kan dala 35 ta Amurka, sai bayan shekaru kamfanin ya waiwaye ta da kyautar hannun jari. Namu Alhazan ba sa waiwaye, ka karɓi naka tun da wuri.

Sai aikin albashi, nan ne takardar jami'a ke magana. Ƙungiyoyin agaji da suka cika Maradi da Yamai suna ɗaukar mai kula da sadarwa, akwai kamfanonin talla a Yamai, gidajen talabijin na buƙatar mai yi musu rubutun da ke yawo a ƙasan allo da buɗewar shirye-shirye, jaridu da masu buga littattafan makaranta na buƙatar mai tsara shafi, ga masu haɗa manhajar salula da ke neman wanda zai tsara musu fuskarta, ga Kano nan kusa da ƴan fim da ƴan kasuwarta. Abin da na lura da shi a irin sanarwar neman ma'aikatan nan, abu biyu suke tambaya, lisans, da kuma tarin ayyukan da ka yi, wanda suke ce ma portfoliyo. Lisans ɗin shi ke hana a jefar da takardunka tun a bakin ƙofa, amma in an zauna da kai ayyukan ake buɗewa. Ni geografi na karanta a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuma duk kwangilar da na taɓa samu ba wanda ya tsaya tambayar me ya haɗa taswira da logo. Ka riƙe wannan, shi ne ginshiƙin abin da zan ce maka.

Ba ina nufin makarantar zane banza ce ba, a'a, ni kaina ina jin zafin rashin yin ta. Bari in nuna maka da afish ɗinka. Ta walimar nan na ƙirga irin rubutu biyar a cikinta, sunan ango da ruwan zinariya, an yi mishi inuwa, an yi wa inuwar inuwa, furanni ta ko'ina, ga tattabaru biyu, sai da na yi minti guda ina neman ranar ɗaurin auren na gan ta can ƙasa ta maƙale kamar mai laifi. To mutum don me yake duba katin gayyata? Yaushe ne, a ina ne, na wa ne. Duk abin da ya tare waɗannan ukun ya zama ciyawa ko da na zinariya ne. Ta ƴan ƙwallon kuma ita ce ta sa na gyara zama, launi biyu kacal, sunayen ƙungiyoyin manya, ƙarfe huɗu ɗin ana hango shi daga kan kabu-kabu, ka bar fili ya sha iska. Abin da ban sani ba, da gangan ka yi ko lokaci ne ya ƙure maka ba ka samu ka cika ta da tarkace ba. A makarantar kirki abin da ake yi ke nan, a sa ka zane da fensir har hannunka ya gaji, a koya maka haruffa da tazarar da ke tsakaninsu, wane launi ke zama da wane, tarihin abin, ɗaukar hoto, sannan a manna aikinka a bango malami da ƴan aji su yi mishi kaca-kaca a gabanka, ka koma ka sake. Wannan sukar ita ce ba ka samu a YouTube, kuma abokanka na WhatsApp ba za su taɓa ba ka ita ba, su dai "masha Allah, wuta" da alamar wuta guda uku.

Akwai kuma abin da ba a samu ko a jami'ar sai a cikin ampirimeri, inda ake jin warin tawada. Aikina na farko da na karɓa da kaina katin aure ne guda ɗari biyar. Na tsara shi a kwamfutata ya yi kyau, na zuba a kile na kai wurin bugu, ban san cewa in kwamfutarsu ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi za ta musanya da wani ba, wanda ta ɗauko kuma bai san harafin ɗ ba. Da yamma na je ɗauka, katin nan ɗari biyar kowanne an rubuta ɗan akwati fanko sannan "aurin aure", sunan uban amarya ma mai ƙ ne, shi ma akwati. Saura kwana uku biki. Na zauna bakin shagon nan zufa na bin bayana, patiron ɗin wurin wani dattijo ya kalle ni ya ce yaro ba ka mayar da rubutun zane ba kafin ka kawo? Ranar na fara jin akwai irin wannan. Daga aljihuna na sake bugawa, wata biyu ina biyan bashin. Irin su da yawa: koren da kake gani yana walƙiya a salula haske ne, launi uku ake haɗawa, ja da kore da shuɗi, inji kuma da tawada huɗu yake aiki, CMYK, sai koren ya fito kamar miyar kuka ta kwana kiliyan ya ce ka cuce shi. Hoton da aka turo ta WhatsApp an matse shi, in ka ja shi ya kai mita biyu fuskar Alhaji za ta farfashe, aikin takarda ana son ɗigo 300 a kowane inci. Logo ba a yin shi da hoto, da layi ake zana shi a Illustrator ko CorelDRAW ko Inkscape, yadda ko a jikin bik ko a jikin tirela zai fita tsaf. A bar milimita 3 a gefe saboda wuƙar yanka ba ta da tausayi. Duk wannan PixelLab ba za ta gaya maka ba.

Tunda na taɓo haruffa bari in ɗan ratse, don abin na ci min rai. Ka zaga gari ka karanta allunan shaguna da banderol ɗin ƙungiyoyi, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk an aske musu ƙugiya, ko kuma ka ga kalma da rubutu iri ɗaya sai harafi guda ya fito daban kamar baƙo a gidan biki. Alhali akwai rubutun da ke ɗauke da su kyauta, Noto na Google, Andika da Charis na SIL, har na ajami akwai, Alkalami, wanda aka yi shi kan salon rubutun Kano. Yaron da ya iya Hausa da Faransanci, ya iya jera su a shafi ɗaya ba kuskure, ya kuma iya sa ajami don dattijon ƙauye da bai yi boko ba amma ya yi allo, wannan yaron yana da abin da ɗan Abijan ko ɗan Faransa ba zai ƙwace mishi ba.

To ga shawarata. Ka je ka yi rijista a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi, ka ɗauki agronomi. Likita kar ka taɓa ta don faranta ran wani, shekara bakwai zuwa takwas ne na karatun da ba ya barin mutum ya ɗaga kai, kuma wanda zuciyarshi ba ta wurin bai kamata a ba shi ran mutane ba. Agronomi lisans shekara uku ne, kana gida, tuwon Hajiya na nan, ba kuɗin haya, in Allah ya sa ka samu bursi ka san inda za ka sa shi. Na san kana karanta wannan kana cewa Yaya ma ya bi bayan Baba. Tsaya ka ji. Ka san buhun nan na PICS da ake adana wake, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ake ɗaure kowanne daban iska ta ƙare ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba? Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, masu binciken noma na cibiyar INRAN ta nan Tarna suna cikin waɗanda suka yi aikin gwada shi da yaɗa shi. To manomin Gidan Rumji ko na Madarunfa da bai iya karatu ba, ta yaya zai gane a matse iska, a ɗaure na ciki, a ɗaure na tsakiya, kar a bari ɓera ya huda? Da nuni da kuma hoto. Wani ne ya zauna ya zana waɗannan hotunan, kuma in mai zanen bai taɓa riƙe buhun wake ba sai ya zana shirme. Na taɓa ganin takardar wayar da kai da aka tsaro daga waje, an zana gero kamar masara, manomi sanye da hular da ba a taɓa gani a ƙasar nan ba, mutanen ƙauyen dariya suka yi ta yi saƙon ya bi iska. Ayyukan noma da kiwo da abinci su suka fi yawa a jihar nan, kowannensu na buƙatar takardun bayani da hotunan koyarwa da rahoto mai kyan gani. Masu lisans ɗin agronomi suna da yawa, masu haɗa afish da manhajar Canva sun fi su yawa, wanda ya haɗa biyun da gaske kuwa ni dai ban cika gani ba.

Sannan ka nemi ampirimeri ka shiga sitaj, yamma da Asabar da lokacin hutu. Kar ka je da girman kai wai kai an san ka a unguwa, shara za ka fara yi da naɗe banderol da cire ragowar sitika da allura, za a aike ka sayen shayi, ka yi. Wata shida a nan ya fi maka bidiyo ɗari. Ka tara kuɗin afish ɗinka ka sayi kwamfuta ta hannu okaziyon, i5 mai RAM 8 da SSD ta isa farawa, ka duba batir sosai kafin ka biya don ka san halin kuran ɗinmu, lokacin zafi ana iya ɗaukewa kana tsakiyar aiki. Adobe tun 2013 suka koma biyan wata-wata, ya yi wa ɗalibi nauyi, na san kowa fasasshe yake sakawa amma ni ba zan ce ka yi ba, Inkscape da GIMP da Scribus kyauta ne halal kuma duk ƙa'idar ɗaya ce, CorelDRAW kuma za ka koye shi dole a wurin sitaj don shi masu bugu suka fi riƙewa daga nan har Kano. Ka sayi kaye marar layi kana zane da hannu kullum ko na minti ashirin ne. Ka kuma dage da Ingilishi, yawancin darussan kirki da shi suke.

Yanzu Alhaji. Kar ka yi musu da shi kan ko zane karatu ne, ba za ka ci ba, mutumin da ya gina gida da tiya da buhu ba a rinjayar shi da baki. Ka ce yana da injin matsar mai. Na tabbata man nan a jarka yake fita ko a tsofaffin robobin ruwa, ba suna ba komai, wanda ya saya ya ji daɗi ko yana so ya dawo bai san na wa ba ne. Ka yi mishi etiket. Suna, lambar waya, lita nawa, ranar da aka matsa, Hausa da Faransanci, launi biyu kamar ta ƴan ƙwallon, ban da tattabaru don Allah. Ka buga hamsin da kuɗinka, ka samo robobi sababbi masu tsabta, ka roƙe shi ya bar ka ka kai wasu butik-butik na cikin gari ko ka ba mai zuwa Yamai. Kar ka yi mishi dogon bayani. Ran da baƙuwar lamba ta kira shi aka ce Alhaji man nan naka muke so katan biyu, shi da kanshi zai fara tambayar ka nawa ake buga dubu. Ban ce tabbas zai sauko ba, akwai iyayen da ko me ka yi sai abin da suka ce, amma in akwai ƙofa to ta nan take.

Maganar malami kuma kar ka yi mata dariya a gabanshi, hadisan masu sura suna nan a Bukhari da Muslim, ba ƙirƙira ya yi ba. Magana ce kan surar abu mai rai, kuma malamai sun yi saɓani mai tsawo kan hoton kamara da abin da ake yi don koyarwa. Ni ba malami ba ne ba zan yanke maka hukunci ba. Abin da na sani, mafi yawan aikina rubutu ne da launi da tsari, kuma ina da abokin sana'a da ba ya karɓar aikin da ke da fuskar mutum sam, yana nan yana cin abincinshi da tambarin shaguna da rasit da littattafan Islamiyya. Ka ɗauki ayyukanka a takarda, ka ce wa Baba ku je wurin malamin da shi ya yarda da shi, ba naka ba, a nuna mishi a tambaye shi wanne ya halatta wanne za a bari. Ka kuma tuna mishi allon zayyanar da aka yi maka ran saukarka in ka sauke, da aska takwas ɗin da ke gaban rigarshi ta Juma'a. Waɗanda suka yi su masu zane ne, kuma bai taɓa ce musu ƴan wasa ba, har ciniki yake yi da su da daraja.

Za ka ji ana cewa AI ta kashe sana'ar. Ta ci wani ɓangare, ba zan ɓoye maka ba, afish ɗin barka da salla da na barka da Juma'a da ake ba yara jaka ɗaya yanzu kowa na yi da kanshi cikin minti biyu, kuma kullum ƙara iyawa take. In nan ka tsaya to lallai za ta tashe ka. Ni ina amfani da ita wurin goge bayan hoto da gwada tunani, ka koye ta kai ma. Amma har yanzu ni ke zuwa in auna bangon shago da mita, ni ke zama da Hajiya mai turaren wuta in gane cewa ruwan hoda take so amma kunya ta hana ta faɗa, ni ke tsayawa kan inji in ga launi ya fita.

In ka yi shekara guda a haka, karatu bai faɗi ba, sitaj bai gundure ka ba, ka tara ayyuka goma sha biyar da ba ka jin kunyar nuna su, to ka dawo mu sake zama. Lokacin za mu duba Zariya da idon basira, ko Bamako inda ake da makarantar fasaha ta Balla Fasséké Kouyaté da ke koyar da dizayin da Faransancin da ka riga ka iya, ko ESSCOM, makarantar aikin jarida ta Yamai da a da ake ce ma IFTIC, in ɓangaren sadarwa da talabijin ne ya ja ka, ka tafi da lisans a hannu ko aƙalla da yardar Alhaji da kuɗin motarshi. In kuma cikin shekarar ka ga ashe yabon ƴan unguwa ne ke maka daɗi ba zaman awa shida kan tazarar haruffa ba, to ba ka yi asarar komai ba, kana aji biyu a jami'a.

Kafin nan ga aikin gida. Ka sake min afish ɗin walimar nan da irin rubutu biyu kacal, ranar da wurin su zama abin da ido zai fara faɗawa a kai, ka turo kafin Juma'a. Ka kuma samo robar da za a zuba man, ka zagaya ta da zare ka auna zaren da rula, ka rubuto min faɗi da tsawo a santimita, don etiket ɗin farko da na taɓa yi ban auna ba, bakinta biyu suka hau kan juna suka rufe lambar wayar.